Husaina, Zomanyar da Na Raina a Ƙirjina

Ranar wata Laraba ce da hantsi, cikin markar shekarar da na yi famfarar haƙoran gaba, katangar bayan gidanmu a Dukawuya ta zube. Ruwa ya kwana yana zuba, indararo sai ambaliya yake yi, mu kuwa muna tsugune a ɗakin Kaka muna shan koko, sai muka ji rugum, kamar an kayar da rumbu. Babu mahalukin da ya ji ciwo. Amma ni na ajiye ludayi na fita cikin ruwan nan da ihu, domin a gindin katangar ne zomanyarmu ta yi rami, kuma ba ta daɗe da haihuwa ba. Babanmu, wanda baduku ne, ya naɗe ƙafar wando ya shiga taɓo, ya fara tono da fartanya, da ya kusa ramin sai ya jefar da ita ya koma tono da hannu. Uwar ya fara tararwa, ta riga ta mutu, ita da sauran 'ya'yan. Can a ƙuryar ramin, inda wani guntun azara ya tokare ƙasa, ya zaro wasu 'yan mitsi-mitsi guda biyu manne da juna, sun yi dumu-dumu da laka, idanunsu ko gama buɗewa ba su yi ba. Ya zuba mini su a tafin hannu ya ce, "Kulu, ga marayunki."

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Jikata Ummi, takwarata, ita ke riƙe da biro, ni nawa faɗa. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in na tsaya share hawaye ta jira ni, don ban daɗe da fita takabar mijina Malam ba, kuma har yau idona bai bushe ba. Amma wannan labari na daɗi ne, shi ya sa nake so a ajiye shi.

Kakata ta wajen uba, Ya Fanna, Babarbariya ce, tun tana yarinya iyayenta suka zo Kano daga Barno suka zauna. Sana'arta kaɗi. Kullum za ka same ta a bakin ƙofar ɗakinta, ƙafa a miƙe, mazari na juyawa, yatsunta fari fat da alli. Ita ta karɓi 'ya'yan zomon daga hannuna, ta goge su da tsumma, ta juye zarenta daga taskira, ta shimfiɗa shiɓaɓɓiyar auduga a ciki ta kwantar da su. Na ce tunda su biyu ne, sunansu Hasana da Husaina. Hasana fara ce tas, Husaina kuwa tana da baƙin tabo a kunne ɗaya, kamar ta leƙa tukunyar tawada. Kaka ta murza auduga ta yi siririn lagwani irin na fitilar aci-bal-bal, tana tsoma shi a madara tana ɗiga musu a baki. Yadda suke shan nan abin dariya ne. Sai wannan ta ture wannan, wannan ta hau kan waccan, suna tokarar juna da ƙafafun baya, alhali madarar ta ishi goma irinsu.

Madarar kuwa Dije ce ke kawowa, wata Bafulatana da ke shigowa gari tallar nono daga rugarsu ta bayan ganuwa. Da ta ji abin da ake so da ɗanyar madara, sai ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida ta riƙe ciki don dariya. "Baiwata," in ji ta ga Kaka, "tsufa ya kai ki ga shayar da zomo? Gobe kuma sai a yi musu tsage irin naku!" Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke dai kawo madara, mai bin saniya, kuma ki bar ruwan rafi a rafi, na san halinku." Haka suke tun kafin a haife ni, ba su taɓa gaisawa da daɗin baki ba, ba su kuma taɓa rabuwa babu goro a tsakaninsu ba. Daga ranar Dije ta riƙa zuwa da ɗan gora a saman kayanta, ta ce na jikokin baiwarta ne.

Wata safiya na buɗe taskira na tarar Hasana ta miƙe, ta yi sanyi. Ba abin da ya cije ta, ba abin da ya danne ta. Kaka ta ce tun a ramin ta sha ruwa, kwananta ne ya ƙare. Na yi kuka har muryata ta dishe. 'Yan matan layinmu suka taru, muka naɗe ta a ƙyallen fari, muka haƙa rami a gindin lallen Kaka. Na je na kama rigar Baba wai sai ya zo ya yi mata salla. Ya danne dariyarsa da kyar, ya ce ba a yi wa zomo salla, amma ya zo ya tsaya tare da mu har muka mayar da ƙasa, ya kuma sayo mana alewa wai sadaka. Kafin azahar ƙawayena sun koma wasan carafke. Ni kaɗai na rage a gindin lalle.

Sai ga wata sabuwa: Husaina ta ƙi shan madara. A kai mata lagwani baki, ta kau da kai. Ta lafe a gefe ɗaya na taskira, daidai inda ta saba kwanciya, ta bar wurin 'yar'uwarta fili. Aka sake madara, aka ɗumama, aka sa ɗan zuma, duk a banza. Cikinta ya shafe, kunnuwanta suka kwanta, in ka ɗaga ta kamar ka ɗaga audugar da take kai. Innarmu ta ce in haƙura, abin da ba shi da uwa ba ya rayuwa. Dije ma ranar ba ta yi tsiya ba, ta leƙa taskira ta girgiza kai kawai.

Kaka ta daɗe tana kallon taskirar nan, mazarinta a tsaye. Ita ma a lokacin kakanmu ya rasu da 'yan shekaru. Can ta ce, "Wannan ba yunwa ke damunta ba. Gefenta ne ya yi sanyi." Ta aike ni in samo mata dutse mai sulɓi, kamar girman ƙwan agwagwa. Ta tura shi cikin tokar murhu har ya ɗau ɗumi, ta gwada shi a kumatunta, ta naɗe shi da auduga, ta ajiye a wurin da Hasana ke kwanciya. Husaina ta motsa hanci. Ta ja jiki, ta ja jiki, har ta manna da dutsen nan, sannan ta kai masa tokari da ƙafar baya kamar yadda ta saba yi wa 'yar'uwarta. Kaka ta miƙo lagwani ta saman dutsen, kamar shi za a ba. Wallahi sai ga Husaina ta haye kansa ta cafke lagwani tana tsotsa, har madara na bin gemunta. Na yi tsalle na yi guɗa irin ta manya, Innarmu ta fito da muciya a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Amma dutse ba ya riƙe ɗumi. Kafin a idar da tuƙin tuwo ya huce, Husaina ta sake lafewa. Na yi ta safa da marwa tsakanin murhu da taskira har na ƙona yatsa. Kaka ta kama hannuna ta tofa masa addu'a ta ce, "Dutse yana hucewa, Kulu, mutum ba ya hucewa. In kina son ta rayu, ke za ki zama 'yar'uwarta." Da Baba ya dawo daga kasuwa aka gaya masa. Ya zauna a zaure ya yanki jar fatar akuya mai laushi, ya ɗinka 'yar jaka da igiya, ya huda mata ƙofofin shan iska, Kaka ta cika ta da auduga. Aka rataya mini a wuya, na cusa ta cikin ɗaurin zanena, daidai ƙirji. Ina jin bugun zuciyarta fat-fat-fat a kan tawa.

Daga nan duk inda na sa ƙafa da ita nake zuwa. Da ita nake sharar tsakar gida, da ita nake tankaɗe, da ita nake kai wa Baba abinci rumfarsa. In na ɗauki farantin dafaffiyar gyaɗa na zaga talla har Ƙofar Wambai, mata a gidaje su ce, "Kulu, wannan wace irin laya ce aka yi miki ƙatuwa haka?" Sai layar ta motsa, su watse da salati, in yi ta dariya har gyaɗa ta zube. Gaɗa ce kawai ta gagare ni. Da yamma 'yan mata su yi da'ira a dandali, ni sai tafi da amshi, ba dama in faɗa a cafe ni. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Har makarantar allo na kai ta. Muna tsakiyar karatu, kowa na ƙwala nasa, sai ga kunne mai baƙin tabo ya ɓullo ta saman zanena, ɗayan ya biyo baya. Yarinyar da ke gefena ta fashe da dariya, dariya ta bi layi kamar wutar kara. Malaminmu ya taso da bulala a hannu, ni kuwa na ƙanƙame ƙirjina na rufe ido. Bulala ba ta sauka ba. Da na buɗe, ya sunkuyo yana kallon Husaina, ita ma tana kallonsa tana motsa hanci. Na ba shi labari. Ya ce, "Allah Ya ba ki ladan jinƙai. Amma gobe ki bar ɗalibar nan a gida, tunda ba ta da allo." Washegari Kaka ce ta rataya jakar a wuyanta tana kaɗi, har na dawo. Dije ta shigo ta gan ta, kuma unguwa duka sai da ta ji labari.

Kafin lokacin kaka ya yi, Husaina ta fi ƙarfin jaka. Ta fara da ganyen zogale, ta koma dusa da harawa, sai kuma duk abin da haƙorinta ya samu. Ni da ƙawayena mukan je gindin ganuwa, kusa da kududdufi, mu yiwo mata ɗanyar ciyawa a zani. Ta cinye ramar Innarmu tun tana tsiro. Ta shiga zaure ta gwaguye bakin wata jakar da Baba ya gama yi wa ado, ya biyo ta da takalmi, ta shige ƙarƙashin zanen Kaka, ya tsaya yana huci ya ce ai shi ya jawo wa kansa da ya tono ta. In na zauna cin tuwo sai ta zo ta jingina da cinyata, ta kai mini ɗan tokarin nan nata. Har ta tsufa ba ta yarda ta ci abinci ba tare da jikinta na taɓa wani ba. Baba ya samo mata namiji, ta haihu, ta sake haihuwa, har ya zama da wuya ka shiga gida a layinmu ba ka ga zomo mai tabo a kunne ba.

Da aka kai ni gidan Malam a Shahuci, da wata jikanyar Husaina na tafi, a cikin kwando, tsakanin tasoshi da tabarmi. Malam ya yi ta ba abokansa labari cewa shi amaryarsa har da zomo a kayan ɗaki. Amma shi ne kullum yake dawowa daga kasuwa da ganyen karas a aljihun babbar riga, yana cewa wai tsinta ya yi a hanya. Haka muka zauna, ni da shi, har gashinmu ya yi fari tare. A kwano ɗaya muke ci tun da yara suka watse, yana turo mini nama, ina tura masa.

Yanzu gidan nan duk siminti ne da tayil, ko zomo ya so yin rami babu inda zai sa farce. Ganuwar da muke yiwo ciyawa ta zaizaye, kududdufin an cike shi an yi shaguna, madara kuma a gwangwani take zuwa, ba mai yi maka tsiya kafin ya ba ka. Kaka, Baba, Innarmu, Dije, duk sun tafi, Allah Ya jiƙansu. Malam ma ya bi su. Bayan rasuwarsa abinci ya fita raina. 'Ya'yana suka yi ta kawo magani, wannan ya kawo na asibiti, wancan ya kawo rubutu, a ajiye mini kwano in kau da kai. Sai Ummi ta naɗo katifarta ta dawo ɗakina, ba wanda ya aiko ta. Ba ta yi mini wa'azin haƙuri ba. Takan zuba abinci a kwano ɗaya, ta zauna ta manna kafaɗarta da tawa, ta hau ci tana santi, har tana janye kwanon gabanta wai in ba na so ita tana so. Ranar da na fizgo kwanon na ce ta bar mini ƙosaina, ranar na tuna da Husaina, na yi dariya da hawaye tare.

Ga ta nan a gefena tana rubutu, kafaɗarta da ɗumi. Na ce ta ajiye biron haka nan, kokonmu zai huce.