Kalmar da ta sa Baba Dauda hawaye a mamak

Muna zaune a mamak, wato shagon shayi da abinci, a unguwar Taman Melati, shayinmu har ya huce, Baba Dauda yana ta fama da darasinsa na Helenanci.

Shi ne dattijon zumuntarmu ta coci a nan ƙasar waje, da furfurarsa ya koma karatun tauhidi. Watan jiya aka binne mahaifiyarsa a Pankshin, ta waya ya kalli jana'izar. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, "Baba, ai kai ne mai ƙarfafa mu." Shi kuwa ya daure, ko ɗigon hawaye bai yi ba.

Ya nuna mini wata kalma, edakrusen.

"'Yata, sau ɗaya tak ta fito a Sabon Alkawari, a bakin kabarin Li'azaru. Ba kuka da kururuwa take nufi ba. Malaminmu ya ce yadda aka gina ta yana nuna farawar abu, wato hawaye ne suka ɓalle wa Yesu."

Na ce, "To Baba, ai ya san zai tashe shi."

Ya ce, "Ya sani. Amma bai hana idonsa ba."

Muryarsa ta karye. Ya cire tabarau, hawaye suna sauka kan littafin.

"Yi haƙuri" ta zo bakina, na haɗiye ta. Na matsar da kujerata kusa da shi kawai.

Jama'a, wanda muke jingina da shi, yaushe rabon da mu bar shi ya yi kukansa?