Malama Rabiatou ta tafi da Alhamis ɗin Batul

Wanda ya ba mu aronta ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ranar Litinin, 10 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, Allah ya yi wa Malama Rabiatou Chékaraou rasuwa a nan Sabha, ƙasar Libiya. Da safe tana gaban allo ta ce kanta na sarawa. Kafin azahar an kai ta asibiti, kuma ba ta sake magana ba.

Yaya Rabi, ni ce Roukaya, wadda kika tarar tana wanke-wanke a gidan mutane shekara huɗu da suka wuce, kika ce, "Ke da kika yi lakkwal, kika san boko, ajiye soso ki zo ki riƙe mini alli." Makarantarmu ɗaki ɗaya ce a bayan gidanki a unguwar Hajara. Yara ashirin da shida, 'ya'yan leburori da masu aikin gonar dabino, waɗanda ba su da takardun shiga makarantar gwamnati. Ke kika tsara makon: Lahadi da Litinin karatu da rubutu a hannunki, Talata da Laraba lissafi a hannuna, Alhamis kuma tarihi.

Ke kika koya mini tara ƙwallon dabino a gwangwani don yara su yi ƙidaya da shi. Yaron da ya zo da yunwa ba kya tambayarsa komai, sai ki aike shi madafa ya duba miki tukunya, ya dawo yana share baki. Ranar da wani yaro ya zo yana kuka don an ce masa baƙo a titi, har garin Ghuddwa kika je kika ɗauko wata tsohuwa Bafazzana, 'yar asalin wannan yanki, wadda kakarta ke jin Hausa. Ta zauna a tabarma ta ƙirga musu ɗaya zuwa goma da harshenmu, ta ba su labarin ayarin raƙuma da na mutanen da, waɗanda suka haƙa wa ruwa hanya a ƙarƙashin ƙasa. Yaron nan ya tashi yana tafiya kamar an ba shi sabuwar riga.

Ni kuwa raina Alhamis nake yi, kin sani. Ina ce mata tatsuniya da rana, ke kina dariya kina kirana uwar ɗebewa. Al'adarki ita ce kowane yaro yana da Alhamis tasa. Sai ki je wurin iyayensa ki zauna, ki ji sunan garinsu, da kakanninsu, da abin da ake nomawa, ki riƙe a kanki ba ki faɗa wa kowa, sai ranar ta zo ki tsayar da shi gaban aji ki ba da labarin. Mun ji na Matamaye, mun ji na Bilma a ranar wata yarinya Batubiya, mun ji na Kazaure.

Saura Batul. Shekararta takwas, a gidanki ta tashi. Uwarta Huseina ta rasu a hannunki shekara biyar da suka wuce, ubanta Mas'ud ya shiga teku tun tana goyo, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Huseina ta bar gida ne kan wani ɓacin rai, ba ta taɓa gaya wa kowa garinsu ba sai ke, ranar da za ta cika. Ta ce ki riƙe har yarinya ta yi wayon da za ta iya riƙewa da kanta. Bana kika ce lokaci ya yi, kika sa mata Alhamis ɗin ƙarshen Janairu.

Ni na hana. Yara sun kasa ɗebewa mai aro, na zo na tsaya miki a ka na ce a ba ni ranar. Kika ce, "Roukaya, yarinyar nan ta ƙagu." Na ce tarihi ba ya gudu. Kika bar mini. Mako ya zagayo na sake roƙo, kika sake bar mini, don ba ki iya ce mini a'a ba. Aka mayar da ita Alhamis ta gaba, wato gobe, ranar da za mu buɗe aji bayan zaman makokinki.

Yaya, na bincika ko'ina. Na buɗe littafin da kike tsara mako a ciki, na samu shafin, da sunanta da kwanan wata da rubutunki, ƙasansa fari fat. Na zazzage jakarki, na duba wayarki. Na cire kunya na tambayi mijinki Malam Abdoulkarim a tsakiyar masu gaisuwa, ya ce, "Wallahi ban sani ba, malama. Ta ce amana ce, ni kuma ban matsa ba." Jiya na shiga mota har Zighan, gonar da Huseina ta yi aiki, na tarar duk mutanen lokacinta sun watse. Yau da rana Batul ta wanke rigarta ta shanya, ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Malama, ai ta gaya miki kafin ta tafi, ko?" Ban taɓa jin tsoron wayewar gari irin na gobe ba, kuma laifin nawa ne, ba na kowa ba.

Don Allah, duk wanda wannan takarda ta iske, a Libiya ko Nijar ko Najeriya, ya taimaka. Huseina doguwa ce, mai wushirya, da tsaga uku a kowane kunci, maganarta irin ta mutanen Damagaram. Ta shigo Sabha da ciki wajen 2016. In kun san gidan da aka rasa 'ya mai wannan kama, ku aiko wa makarantar Malama Rabiatou a Hajara.

Allah ya jiƙan ki, Yaya Rabi, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane harafi da kika koyar ya zame miki nauyi a mizani. Ni ma ya yafe mini. Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Abdoulkarim, da 'ya'yanki Nazirou da Mu'minat, da iyayen yaranmu duka, Allah ya ba mu haƙuri. Ina kuma miƙa ta ga dangin Batul, duk inda suke, waɗanda ba su ma san an haife ta ba, balle su san wadda ta riƙe musu ita ta rasu.