Getzel, Cikon na Goma

Getzel Pomerantz ya tsufa yana gyaran takalma a birnin Winnipeg, kuma bai taɓa yarda wani ya riƙe masa ko da ƙofa ba. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai ya kulle kansa a ɗaki, ya rantse ba mai ganinsa yana jan ƙafa.

Wata safiya cikin hunturu, Zalman mai burodi, wanda ba sa ga maciji da shi tun suna samari, ya buga masa ƙofa. Matar Zalman ta rasu, an tashi daga zaman makoki, ga shi addu'ar mamaci ba ta yiwuwa a majami'arsu ta Yahudawa sai maza goma sun taru. Su tara ne.

"Je ka nemi cikakken mutum," in ji Getzel. "Ni rabi ne."

"Kai tsohon banza, wa ya ce maka mu cikakku ne? Malaminmu kunnensa ɗaya ba ya ji, ni kuma makon jiya na binne rabina. Cikawa ta Allah ce, namu dai mu taru. Sa rigarka!"

Getzel ya ja dogon tsaki, ya juya masa mataccen hannun, Zalman ya zura shi cikin riga.

Tun ranar, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa sai ya je majami'ar, yana dafe da kafaɗar Zalman, suna tafe suna zagin juna. Da sun iso yakan doki ƙofa da sanda, ya ce, "Ku fara, mun cika."