Shekarun da Nake Karatu da Ido Ɗaya

Har yau idan aka feƙe fensir kusa da ni, ƙamshin itacen ya bugi hancina, sai in ji goshina ya ɗaure. Ɗazu ma haka ta faru. 'Yar maƙwabciyata ce ke feƙe nata da reza a bakin ƙofata, ni kuwa na tsaya riƙe da tsintsiya, hankalina ya koma gidanmu na unguwar Bukan Sidi a garin Lafiya, lokacin ina aji huɗu na firamare, garin yana ƙarƙashin jihar Filato.

Gidan ba shi da girma. Ɗakin Baba, ɗakin Inna, sai na Kaka, mahaifiyar Baba, a gindin mangwaro. Baba akawu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutumin da ya yarda da biro da takarda fiye da komai. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma tun ina ƙarama ake cewa ina da kai, domin abin da aka faɗa a gabana sau ɗaya na riƙe shi ke nan.

Ba zan iya gaya muku ranar da abin ya fara ba. Na dai san a aji huɗu aka ba mu littattafai masu ƙananan baƙaƙe. Layi biyu na farko in karanta su sumul. Daga na uku sai baƙaƙen su fara motsi, kowanne ya rabu biyu, layin sama ya gangaro cikin na ƙasa. Idanuna su yi raɗaɗi kamar na zauna a hayaƙin ɗanyen itace, kaina ya sara daga tsakanin gira. Sannu a hankali na gano cewa idan na rufe ido ɗaya da tafin hannu, komai yakan natsu. Sai na riƙa kwantar da kai a kan benci ina yin haka a ɓoye.

Malamin ajinmu ya gan ni. Hausarsa irin ta kasuwa ce, kuma har yau ina jin muryarsa: "Wannan yarinya, shi barci ne yake yi a kilas. Idonshi ba komai, lezi ne kawai." Na sha tsumagiya a tafin hannu har na daina ƙirgawa.

Da labari ya kai wa Baba, ya ɗora ni a bayan babur ya kai ni asibitin gari. Aka tsayar da ni nesa da wani allo da ke jikin bango, aka ce in rufe ido ɗaya in karanta. Na karanta har layin ƙarshe, na sake da ɗayan idon. Ma'aikacin ya yi dariya ya ce idona ya fi nasa. Da muka shiga zaure, Baba ya juyo ya dube ni.

"A makarantar allo kina biya karatunki babu gargada," in ji shi. "A boko ne kaɗai idonki yake ciwo?"

Ta yaya yarinya 'yar shekara goma za ta bayyana masa cewa rubutun allo ya kai girman yatsa, kuma ma da kunne nake haddace shi? A ranar ya dake ni, dukan da bai taɓa yi mini ba. A shekarar na maimaita aji, ƙanena ya tarar da ni, muka zauna benci ɗaya. Baba ya ce idan na sake faɗuwa zai tura ni Keana wurin Gwaggo, ƙanwarsa, in taya ta dafa gishiri, tunda karatun ne ba na so. Inna ta yi nata ƙoƙarin: tozali, rubutun sha, hayaƙin da maƙwabta suka kawo. Kaina bai daina sarawa ba.

Kaka ce ta gano. Wata rana da bazara, mangwaro na faɗowa a tsakar gida, ƙudaje sun cika wuri, ta miƙo mini allura in zura mata zare. Na runtse ido ɗaya kamar kullum. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in buɗe duka biyun in dubi yatsanta. Ta kawo shi a hankali, a hankali, wajen hancina. Ta sake. Ta kuma sakewa.

Da Baba ya dawo aiki ta tare shi tun bai cire hula ba. "Yarinyar nan ba ƙarya take yi ba. Idonta na hagu gudu yake yi idan abu ya matso. Ka kai ta Jos."

"Iya, ai an duba ta a asibiti."

"Sun duba ta daga nesa. Ni daga kusa na duba."

Sai da damina ta wuce kafin ya yarda. A asibitin ido na Jos, wata likita ta yi mini daidai abin da Kaka ta yi, sai dai ita da fensir. Ta ce kowane ido lafiyarsa ƙalau shi kaɗai, haɗuwa a kan abu na kusa ne suke kasawa, kuma sai an horar da su. Babu ƙwaya, babu tabarau. In riƙe fensir a tsawon hannu, in jawo shi sannu zuwa hanci ina kallon tsininsa, da ya rabu biyu in tsaya in yi ƙoƙarin mayar da shi ɗaya. Ta kuma nuna mana zare mai duwatsun wuya uku, a ɗaure bakinsa ɗaya, in riƙe ɗayan a kan hancina, in riƙa sauya kallo daga dutse zuwa dutse. Kullum, wata da watanni.

A tasha Baba ya yi tsaki. "Tun daga Lafiya muka taso, a sallame mu da fensir?" Daga ranar bai ƙara sa baki a maganar ba.

Kaka ta kwance tsohuwar sarƙar wuyanta, ta zaɓi duwatsu uku, ja da fari da shuɗi, ta ɗaure zaren a ƙusar ƙofarta. Bayan la'asar kowace rana nakan tsaya a wurin. Kada ku zaci abin daɗi ne. Ido ya yi ta zubar da ruwa, kai ya yi ta juyawa, yaran maƙwabta su leƙo ta katanga suna kirana mai kallon hanci. Makonni suka wuce ban ga canji ba. Rannan na fizge zaren na wurga shi kan rufin kwano. Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta sake kwance sarƙar, ta zaro wasu ukun, ta ce, "Ba don ki ji daɗi muke yi ba. Tashi." Matar da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Daga haƙar doya har mangwaro ya sake nuna muna kan wannan. Sai wata rana na lura na gama shafi guda hannuna bai je ido ba. Amma jarrabawar ƙarshen shekara ta riga ta wuce, na kuma faɗi. Baba ya tayar da maganar Keana, Kaka ta ce masa sai dai ya haɗa da ita a motar. Na sake maimaita aji, ƙanena ya wuce ni. Na shiga sakandare shekara biyu bayan sa'o'ina, kuma ina aji biyu Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Yanzu ni ma malamar firamare ce. Lafiya ta zama babban birnin jiha, shagunan tabarau a kowane titi, amma har gobe iyaye na dawo mini da yaro suna cewa an gwada shi an ce lafiyarsa lau, in ƙara masa bulala. Idan na yi musu bayanin horon ido, sai su tambaye ni sunan maganin.

Bara ciwon suga ya taɓa wa Baba jijiyar ido, ya yi makonni yana ganin abu biyu-biyu. Na je gaishe shi na same shi a zaure da jarida, ya jefar da ita gefe, hawaye na bin gefen hancinsa don raɗaɗi.

"Haka kike gani a lokacin nan?" ya tambaye ni.

Na ce, "Haka ne, Baba."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Shekara uku."

Ya share hawayen da bayan hannunsa. Sannan ya ce, "Ni kwana goma ke nan, na kasa."

Shekara arba'in na yi ina jiran wannan rana, ina tsara abin da zan faɗa masa. Ga ta, ta zo. Na sunkuya na ɗauki jaridar, na tambaye shi inda ya tsaya in karanta masa.