Lotsawar Ƙofar Baya

A ƙarshen layin masu gyaran mota akwai wani dattijo gajere, furfura har a gira, durƙushe gaban wata tsohuwar mota da ta girmi yawancin masu wucewa. Ba ya kallon ƙarfen da yake miƙarwa. Rufe ido yake yi, ya shafa da tafin hannu, sannan ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma a hankali, kamar mai tashin jikansa daga barci. Da gani, ko a gida ba ya ɗaga murya.

Mai motar, wata Hajiya, tana zaune a benci. Motar marigayi mahaifinta ce, kuma idonta na bin gudumar da ke matsowa kusa da wata 'yar lotsawa a ƙofar baya.

Hannunsa na sauka wurin ta miƙe.

"Malam, bar min wannan. Ni na yi ta, ranar da Baba ya fara koya min tuƙi. Ya yi dariya har da hawaye."

Dattijon ya sake shafa wurin yana murmushi.

"Bishiya kika daka?"

"Turmin Inna."

"To, Hajiya, wannan aikin gwana ne. Ba na taɓawa."

Ya matsa gaba da gudumarsa.