Ƙafata Mai Lamba

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gwaram, na karya ƙafar hagu a filin ƙwallo. Ba wata gasa ba ce. 'Yan aji shida ne suke buga tasu, ni kuma da tumbina na ce bari in nuna musu yadda muke yi a zamaninmu. Ban ko taɓa ƙwallon ba, ƙafata ta faɗa wani rami.

A babban asibitin Birnin Kudu aka ɗaure min ita da siminti, daga ƙasan gwiwa har tafin ƙafa. Mahaifiyata ta baro garinmu Farin Dutse ta tare a gidana, wai matata ba za ta iya da jinya da yara ba. Na yi makonni a kwance, ana kawo min farfesu, ina ba da umarni daga kan katifa.

Ranar da za a cire simintin tare da mahaifiyata muka je. Ana buɗewa, na kalli ƙafar na kasa gane ta. Sha-raɓar ta zube, fata ta yi laushi tana reto, ƙwaurin ya fito siriri kamar muciya. Na jera ta da ta dama, sai ka ce ta wa ce da ta ƙani.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Wannan ba ita ce ƙafar da na haifa ba."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A ganinta ƙafar shanyewa take yi, kuma abin da hannu a ciki. Ta taɓa ganin wani a garinmu da ƙafarsa ta tsotse haka, bai ƙara takawa ba har ya rasu. Nan take ta ce gobe za mu tafi Wurno wajen wani mai magani. Ni kuwa abin da ya fi damuna shi ne tambaya: ina naman ya tafi? Ban yi jini ba, ban daina cin abinci ba, hasali ma ƙiba na yi.

Na tambayi likita. Ya ce, "Malam, jiki ba ya ciyar da wanda ba ya aiki. Tsokar da ta daina motsi, sai ya janye mata abinci ta rame. Taka irin ta rashin aiki ce. Akwai wadda jijiya ce ke mutuwa, wannan daban ce, kuma na duba ba ita ba ce. In ka yi gashi da motsa jiki za ta dawo, in sha Allah."

Mahaifiyata ta ce to, irin to ɗin da na san ba ta yarda ba.

Likitan ya tura mu sashen gashin ƙashi, amma sai an bi ta ofishin inshorar lafiya, domin ta can ake biya wa ma'aikata irina. Wata mata ce a wurin, tana gaban kwamfuta. Ta karanta abin da likita ya rubuta, ta ce za ta nemi izini da sabuwar lamba.

Na ce, "Ai ina da lamba, ga katina."

Ta ce, "Wannan taka ce. Ta ciwon nake nufi. Karaya tana da tata, kuma ta warke. Ramewar tsoka wata ce daban. In na tura da ta karaya, za su ce ƙashi ya ɗinke, gashin me za su biya?"

Ban taɓa jin haka ba. Na matso da kujera, na roƙe ta ta nuna min. Ta juyo da fuskar kwamfutar: harafin M, sittin da biyu, ɗigo, biyar. Ta ce M ɗin gidan ciwon ƙashi da tsoka ne baki ɗaya, sauran kuma su ke nuna ramewar. Sannan ta ƙara shida a ƙarshe, wai shi ke cewa a ƙasan gwiwa abin yake. Da cinya ce ko kafaɗa, da wani adadin za ta sa.

Na shiga jero mata tambayoyi kamar ɗan aji ɗaya. Harbin kunama yana da lamba? Ta ce yana da ita. Tunkuyin bijimi fa? Ta ce akwai inda ake sa shi. Wa ya zauna ya raba su? Ta ce tsari ne na duniya, likitan wata ƙasa in ya ga lambar nan zai san abin da ke damuna ko ba ya jin Hausa. Mutanen da ke bayana a layi suka fara gyaran murya.

Duk wannan mahaifiyata tana tsaye da sandunan da nake dogarawa a hannu. Sai ta sunkuyo ta ce wa matar, "'Yar nan, kina nufin an taɓa yi wa wani irin wannan?"

Matar ta ce, "Inna, da shi kaɗai ne ai ba za a ɓata lokaci a yanka masa lamba ba. Ko a makon nan na rubuta ta."

Mahaifiyata ta miƙo min sandunana. Muna fita, muna jiran mota, ta ce a hankali, kamar da kanta take magana, wanda aka yi wa sammu ai shi kaɗai ake nufa. Ba ta sake ambaton Wurno ba.

Izinin ya fito, na fara zuwa gashi. Ya yi zafi, kuma abin kunya ne ƙato kamata yana gumi a kan ɗaga yatsun ƙafa. A gida mahaifiyata ce mai tsaro: in ta ga na jingina, sai ta turo ƙaramin buhun gero ta ce in ɗora a ƙafa in ɗaga. Kafin damina ta ƙare na ajiye sanda. Har yau ta hagun ba ta kai ta dama cika ba, sai dai ni kaɗai nake lura.

Na sha tunanin abin daga baya. Bayanin likita gaskiya ne, kuma shi ya gamsar da ni, amma bai taɓa tsoron da ke ranta ba. Ita so take ta ji cewa ɗanta ɗaya ne daga cikin mutane, ba wanda aka ware aka nufa ba.

Bara na je gida na tarar da ita a ɗakin maƙwabciyarta, wata tsohuwa da zazzaɓi ya kwantar tsawon lokaci. Ta ɗora ƙafar matar a kan cinyarta, tana lanƙwasawa tana miƙewa, matar tana mita.

"Yi haƙuri ki motsa ta," in ji mahaifiyata. "Nama ba ya son zama. In kin bar shi, tafiya yake yi."