Jan Zare a Bakin Hijabi

A ɗakin taron da aka rataye zannuwan, Sadiya mai rubuta sunayen baƙi ta kasa ɗauke ido daga kan wata mata. Zannuwan aikin matan da 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe a daji ne. Kowacce ta ɗinka abin da bakinta ya kasa faɗa, ba a sa suna ba.

Matar siririya ce, hijabinta ya koɗe, silifas ɗinta duk jar ƙasar hanyar Kuyello. Ba ta karɓi lemo ba, ba ta tafa wa kowa ba. Tana tsaye gaban zane ɗaya: baƙaƙen bishiyoyi, fasasshen tulu, jan zare yana gangarowa daga cikinsa. Sadiya tana zaton ce wa mutanen gida ta yi asibiti za ta.

Bakin zaren ya warware. Matar ta miƙa yatsu biyu tana ƙulle shi.

"Ke baiwar Allah, cire hannunki!" in ji Alhaji Mamuda, babban baƙo, wanda yanzu ya gama jawabin awa guda kan muhimmancin sauraron mata. "Kin kuwa san wahalar da mai wannan aiki ta sha?"

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe," ta ce.

Ya gyara hula, ya tsaya gaban zanen a ɗauke shi hoto. Ita kuwa ta nufi ƙofa. Tana gifta teburin Sadiya, sai ga allura soke a bakin hijabinta, da sauran jan zare a jiki.